Ɗana, Koyi Yaren Masu Gwanjon Sulalla Kafin Ka Taya

 Na lura a 'yan shekarun nan matasa irinka da yawa sun shiga sha'awar tara tsofaffin sulalla: anini, kwabo mai huda, sule mai hoton bishiyar kwakwa, liyarin azurfa, har da dirhamin zamanin Abbasiyawa. Wani son tarihi ne ya kai shi, wani kuwa ya ji an ce akwai riba. Duka biyun ba laifi. Sai dai mafi yawan wannan ciniki yanzu a gwanjon intanet ake yin sa, a shafuka irin su eBay da na manyan gidajen gwanjo na Landan da Amurka. Ba ka riƙe kuɗin a tafin hannunka ba, ba ka ji nauyinsa ba, ba ka kalli idon mai sayarwa ba. Hoto ne kawai a gabanka da 'yan layukan Turanci. Cinikin biri a sama ke nan, kuma duk wanda zai yi shi dole ya san yaren 'yan kasuwar, domin Turancin da ka koya a makaranta daban, abin da suke nufi da shi daban.

Ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta da sauran. Maganar mai sayarwa iri biyu ce. Akwai wadda ta ɗaure shi: nauyin kuɗin, faɗinsa, irin ƙarfensa, shekararsa, gidan da aka buga shi, lambar shaidarsa, da alkawarin karɓar kaya in ba su yi maka ba. In ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, kaya suka zo saɓanin haka, kana da hujjar kai kuka a mayar maka da kuɗinka. Akwai kuma wadda ba ta ɗaure shi da komai ba, tamkar kirarin maroƙi ce, daɗin ji gare ta amma ba a kai ta gaban alƙali. Ka dogara da ta farko, ka bar ta biyu ta wuce ta bayan kunnenka.

Bari in fara da kalmomin daraja, domin nan sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 don auna lafiyar tsofaffin kwabban ƙasarsu, daga baya kasuwa ta ɗauke shi ta shimfiɗa a kan kowane irin kuɗi. Idan ka ga an rubuta "Good", zuciyarka za ta ce maka ai mai kyau ne. A wurinsu kuwa mataki na 4 ne ko na 6 cikin 70, wato kuɗin da hannaye suka riga suka cinye, fuskar sarki ta shafe sai inuwarta, shekara da wasu haruffa ne kawai ake iya karantawa. "Fine" mataki na 12 ne zuwa 15, shi ma ya sha yawo sosai. "Very Fine" daga 20 zuwa 35, "Extremely Fine" 40 zuwa 45, "About Uncirculated" 50 zuwa 58. Sai daga 60 zuwa 70 ne ake maganar kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba, wanda suke taƙaitawa da haruffan MS. Ko a nan ma kada ka saki jiki. Mai lamba 60 yana iya zuwa da tabo ko'ina saboda gogayya da 'yan'uwansa a cikin buhu, kuma tsakanin 63 da 65 farashi kan iya ninkawa, alhali idonka na sabon shiga ba zai ga bambanci ba. Ƙari a kan haka, 'yan Ingila sun fi tsauri wajen ba da daraja, shi ya sa abin da dillalin Landan ya kira "Extremely Fine" sau da yawa yakan fi na Ba'amurke mai wannan suna. Don haka ka san bakin wa kalmar ta fito.

Haka nan "Proof" ba matakin lafiya ba ne, hanyar bugu ce ta musamman: a goge hatimi da ƙarfen har su yi sheƙi, a buga fiye da sau ɗaya, a ajiye wa masu tarawa. Wanda ya rubuta maka "proof-like" ya gaya maka da bakinsa cewa kama kawai ya yi da shi. Su kuwa "gem", "stunning", "beauty" da "high grade", muddin babu lamba daga wani mai tantancewa a tare da su, ra'ayin mai kaya ne a kan kayansa, kuma ka san ba mai kushe hajarsa.

Saboda irin wannan rikici ne aka kafa kamfanonin tantancewa, manyansu su ne PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Sukan duba kuɗi, su tabbatar na gaske ne, su ba shi lamba, su rufe shi cikin gidan roba mai tauri da takardar shaida. Wannan ya rage zalunci ƙwarai, amma akwai ramuka biyu a nan. Na farko, in ka ga kalmar "Details" a kan takardar, ma'anarta kuɗin na gaske ne amma yana da aibin da ya hana a ba shi lamba: an goge shi, ko an kankare, ko an toshe huda, ko tsatsa ta ci shi. Wasu masu sayarwa sukan rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe a kanun talla, su bar maganar aibin a cikin hoto. Na biyu, kowa na iya sayen gidan roba ya buga takarda a ɗakinsa ya rubuta MS-70, har ma akwai masu ƙera na jabu da sunan manyan kamfanonin. Kowace takarda ta gaskiya tana da lambar da za ka iya shigarwa a shafin kamfanin ka ga bayanin kuɗin, sau da yawa har da hotonsa. Ka shigar, ka gwada tabo da tabo, domin ɗan damfara yana iya kwafar lamba amma ba ya iya kwafar ƙwarzanen da ke kan kuncin sarki.

Tunda na ambaci guga, tsaya in nuna maka yadda ake gane ta, domin ita ce aibin da aka fi ɓoyewa. Ɗauki kuɗin azurfa da bai taɓa yawo ba, ka riƙe shi ta gefe, ka karkata shi a hankali a ƙarƙashin fitila ɗaya. Za ka ga haske yana zagaya fuskarsa yana bin juyin hannunka. Wannan hasken daga bugun hatimi ya samo asali, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Wanda aka goge kuwa fari ne fat, ƙyallinsa ɗaya ne ta ko'ina, kuma in ka kawo gilashin ƙara girma za ka ga siraran layuka sun jeru sun nufi gefe guda, ga kuma baƙin datti ya maƙale a lungunan haruffa inda tsumma bai kai ba. Idan mai talla ya ce "bright", ko "shiny", ko "lightly wiped", ko "old cleaning", wannan yake nufi. Idan kuma hoton ya cika haske har ba ka ganin fatar ƙarfen, ka nemi wani. Kai ma in ka gaji tsohon kuɗi a gida, kada ka kusance shi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe. Duhun da shekaru suka sa masa masu saye suna son sa, kuma guga ta minti biyu tana iya zubar da darajarsa warwas.

Sai maganar ƙarfe, inda kalma ɗaya ke raba azurfa da abin da ba azurfa ba. "German silver" da "nickel silver" babu ko ɗigon azurfa a cikinsu, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. "Silver plated", "layered" da "100 mills" duk ruwan azurfa ne aka shafa a kan wani ƙarfe mai araha, ko da an rubuta .999 a gefe, domin tsarkin shafen ake faɗa maka. Mai azurfar gaske yakan faɗi adadinta da nauyin kuɗin gaba ɗaya ba tare da kwana-kwana ba. Sanin tarihi ma yana kare ka a nan. Sulen Afirka ta Yamma na zamanin Turawa ya fara da azurfa a 1913, amma a 1920 aka koma tagulla. Duk wanda ya ce maka sulen 1938 na azurfa ne, ko bai sani ba ko yana so ya cuce ka. Haka kuma "copy", "replica", "tribute", "fantasy" da "souvenir" duk sunan abu ɗaya ne: kwaikwayo. Dokar Amurka tun 1973 ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin irin waɗannan, amma masu ƙera jabu ba ruwansu da doka. Ka mallaki ɗan sikeli mai auna gram da ɓurɓushinsa, da maganaɗisu. In kuɗi ya manne da maganaɗisu, ba azurfa ba ne. In bai manne ba, bincike bai ƙare ba, domin tagulla ma ba ta mannewa, sai ka koma ga nauyi da faɗi da kauri.

Babu misalin da ya fi kusa da mu irin liyari, wato dalar azurfa mai hoton Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka yi ta kawowa ƙasar Hausa da Borno, mata suka yi ado da ita, maƙeran fari suka narka ta. Za ka ga an tallata ta da cewa kuɗi ne na 1780. Gaskiya ne haka aka rubuta a jikinta. Amma 1780 ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga da wannan shekarar ake buga ta, domin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da sauran sassan Afirka ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. An buga ta a Biyana, an buga a Landan, Faris, Roma, Brussels da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, har yau kuma gidan buga kuɗin Ostiriya yana buga ta. Wannan shi ake kira "restrike": ba jabu ba ce, azurfarta ta gaske ce, kashi 833 cikin 1000, nauyinta gram 28 da ɗan ɗoriya, amma mafi yawansu darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke cikinsu da nisa ba. Mai gaskiya zai rubuta maka wannan kalma. Wanda ya rubuta shekarar kawai ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma ya bar ka ka yaudari kanka. Ka kuma duba bakin gefenta da kyau. Yawancin waɗanda suka fito daga ƙasashenmu an taɓa lanƙaya musu kunne don a rataya, in an cire sai ya bar tabon walda ko alamar zarto a kan haruffan gefen. "Ex-mount" ko "ex-jewelry" ke nan a yarensu, kuma yana rage kuɗi.

Kalmar da ta fi kowace cin kuɗin mutane ita ce "rare", wato wai abin yana da wuyar samu. Ɗana, tsufa daban, ƙaranci daban. A 1936 Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila, ya sauka kafin shekarar ta ƙare, ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa a can ba. Amma a Afirka ta Yamma an saki kwabo da ɗari da anini masu huda ɗauke da sunansa. Labari ne mai daɗi, kuma masu talla suna amfani da shi, sai dai miliyoyi aka buga, har yau ana samun su da araha. Dirhamin Abbasiyawa ya haura shekara dubu, amma an buga shi da yawan gaske ya bazu a duniya, har a tsibirin Gotland na Suwidin an tono taska ɗaya a 1999 mai ɗauke da sulalla fiye da 14,000, mafi yawansu dirhaman ƙasashen Musulmi. Abin da ke sa kuɗi tsada shi ne yawan da aka buga, yawan da ya saura, lafiyarsa, da yawan masu nemansa. Kuma farashin da mutum ya sa wa kayansa ba shi ne darajar kayan ba. Kowa na iya ɗora kwabo a shafi ya rubuta dala dubu goma, daga nan ne ma jita-jitar cewa kwabo mai huda ya kai miliyoyi take samun ƙafa. Ka nemi jerin waɗanda aka riga aka sallama, ka ga nawa aka biya da gaske. Duk kuma wanda ya ce zai sayi kwabonka da miliyoyi amma sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji, ɗan damfara ne, ka rabu da shi.

Akwai wasu maganganu da aka ƙera su don tayar maka da kwaɗayi. "Estate find" da "grandfather's collection" suna so ka ɗauka magada ne da ba su san abin da ke hannunsu ba. "I know nothing about coins" yana so ka ji kai ne mai wayo a cinikin. Buɗe tarihin shagonsa ka gani. In ya sayar da sulalla dubbai, ya san su fiye da kai, kuma jahilcin da ya yi iƙirari kariya ce ya tanada don ranar da za ka ce masa kayan jabu ne. "Unsearched" kuwa wai tarin da ba a bincika ba. Ga yadda ake yin ta da kwabon Amurka mai hoton Lincoln. A 1909 an buga shi da haruffan VDB na mai zanen a bayansa. Na gidan bugu na San Faransisko guda 484,000 ne kawai, yana da tsada, kuma ana gane shi da harafin S a gabansa. Na Filadelfiya kuwa kusan miliyan 28 ne, ba shi da S. Sai mutum ya naɗe kwabo 50 cikin tsohuwar takarda, ya sa na Filadelfiya a baki da bayansa waje, haruffan VDB suna leƙo ka, gaban kuwa a ɓoye. Masu taya su yi ta rububi suna fatan S na ciki. Wanda ya naɗe ya riga ya duba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ka kula da kalmomin wanke hannu. "As is" da "no returns" na nufin in ka saya ka saya. "See photos" da "you be the judge" na nufin ba zai ɗauki alhakin faɗin lafiyar kayan ba. "Stock photo" na nufin hoton da kake kallo ba na kuɗin da za a aiko maka ba ne. Ba kowane mai rubuta waɗannan ne macuci ba, amma in sun taru a talla ɗaya, ga hoto dishi-dishi, ga farashi mai sauƙi fiye da kima, to ka wuce. Araha ba ta ado.

Shi kansa gwanjon yana da nasa ƙa'idoji. A manyan gidajen gwanjo, kuɗin da aka sallama maka a kai ba shi ne za ka biya ba, akwai la'adar mai saye, "buyer's premium", wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, ga kuɗin aikawa, ga na kwastan, ga canjin dala ko fam. Ka lissafa duka kafin ka taya. "Reserve" shi ne ɓoyayyen farashin da mai kaya ba zai sallama ƙasa da shi ba. Akwai kuma mugun halin da malamanmu na fiƙihu suke kira najash, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana: mutum ya riƙa taya kaya ba don zai saya ba, sai don ya ɗaga farashi a kan wani. A intanet ya fi sauƙi, domin mai kaya na iya buɗe asusu na biyu ko ya sa abokinsa. Alamarsa ita ce mai tayi ɗaya da ke bin kayan mutum ɗaya kullum, yana ƙara kaɗan-kaɗan yana ja da baya, sannan ka ga kayan da aka ce an sayar sun sake dawowa kasuwa. Maganinsa a hannunka yake: ka yanke iyakarka tun zuciyarka na sanyi, ka rubuta ta, in an wuce ta ka janye. Kada kuma ka yarda a ja ka zuwa WhatsApp a ce ka biya ta bayan fage don a rage maka, domin da zarar ka bar shafin ka bar kariyarsa.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Tambaye shi nauyi, tambaye shi ko an taɓa goge kuɗin ko gyara shi, nemi hoton gaba da baya da gefe, tambaye shi ko zai karɓi kayansa in ba su yi ba. Mai gaskiya yakan amsa a taƙaice ba tare da ɓacin rai ba, kuma amsarsa a rubuce ta zama hujja a hannunka. Ka zaɓi fanni ɗaya ka ƙware a kansa, ko da sulallan Afirka ta Yamma ne kawai daga 1907 zuwa samun 'yanci, ka sayi littafin da ya lissafa su kafin ka sayi su kansu. Ka fara da masu araha har idonka ya buɗe. In kuɗin zamanin da ne ƙwarai, ka tambayi daga inda ya fito, domin ƙasashe da yawa sun haramta fitar da abin da aka tono daga ƙasarsu, kuma bai kamata ka zama kasuwar kayan sata ba. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Wata rana kai ne za ka zama mai sayarwa, kuma a lokacin ka riga ka iya wannan yare. Ina roƙonka kada ka yi amfani da shi a kan wanda bai iya ba. In an goge, ka rubuta an goge. In akwai huda da aka toshe, ka nuna ta a hoto. In bugun baya ne, ka faɗa a layin farko. Addininmu ya ɗora wa mai kaya bayyana aibin kayansa, kuma bai ware wanda ke wata ƙasa ba don kawai ba za ku taɓa haɗuwa ba. Ribar za ta yi ƙasa a ranar, amma masu saye suna da tunani, sukan koma wurin wanda bai taɓa ba su kunya ba, kuma abin da ka samu halal ne. Allah ya ba ka ido mai gani da zuciya mai wadatuwa, ya tsare ka daga cutar mutane, ya tsare mutane daga cutarka, ya sa albarka a cikin nemanka. Amin.